Wayar riƙe sanda: galbanaiz ko sitenles?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a jirgin ruwan da ka haɗa. Ka tambayi wanne ya fi tsakanin galbanaiz (ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya) da sitenles (ƙarfe mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa). To, ga wayoyin da za su riƙe sandar filafili da sauran ƙarafan saman jirgi, ni dai galbanaiz nake ba ka shawara, kuma ga dalilina.

Nawa jirgin na katako ne, mita shida, a nan Bur Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, yake kwana. Wayar da ke riƙe da sandarsa galbanaiz ce mai kaurin milimita 6, yau shekararta shida tana aiki. Wani dattijo mai sassaƙar jirage a garin Sawakin, kudu da Bur Sudan, ne ya ɗora ni a kanta. Ranar da na kai masa jirgin, ya sa tsumma a cikin giris, ya kama wayar daga sama ya murza har ƙasa, a hankali, yana cusa man a tsakanin zaren da babban yatsansa. Ya ce in riƙa yin haka duk bayan wata biyu ko uku, in kuma duba tsumman idan na gama. In ya fito baƙi, lafiya. In ya fito da ja, tsatsa ta fara. In ya sarƙe a wani wuri, zare ɗaya ya tsinke a nan.

Wannan tsumman ya taɓa cetona. Ana jibi za mu fita wajen Sanganeb, wani tudun murjani a cikin teku, na shafa wayar gefen dama, sai ga ja a ƙasa, daidai inda take lanƙwasa kusa da katako, inda ruwa ke yawan fantsama. Na yanke taki ɗaya, na sake ɗaurewa da maƙalai uku masu siffar U, da sufana kawai, a bakin ruwa. A hanyar dawowa iskar arewa ta taso mana sosai, jirgi ya kwanta gefe, sanda ko gezau. Abin da ya sa nake ƙaunar wannan waya ke nan: tana nuna maka ciwonta tun kafin ta kai ga tsinkewa, kuma da hannunka za ka gyara ta. Ka lura wajen ɗaura maƙalan: lanƙwasar U a kan gajeren bakin waya take zama, sirdin kuma, wato ƙarfen da ƙafafun U ke shiga cikinsa, a kan dogon da ke ɗauke da nauyi. In ka juya su, sai ka murƙushe wayar da kake dogaro da ita.

Sitenles kuwa, in nau'in da ake kira 316 ce ta gaskiya, tana da kyan gani kuma ba ta neman giris, wannan na yarda. Amma na taɓa sayen abin ɗame waya nata, wanda ake kira shaddad a kasuwa, na naɗe barimarsa da tef don kada ya yaga filafili. Bai cika shekara biyu ba ya karye a ƙarƙashin tef ɗin, alhali wajensa na sheƙi kamar sabon kwanon silba. Haka halinta yake: sai da iska take kare kanta, duk inda gishiri ya maƙale babu iska, tana ruɓewa a ɓoye. Ruwanmu kuma ba ya yi mata sauƙi. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, na yawancin tekuna kusan 35 ne, ga ɗumi da ke ƙara wa tsatsa sauri. Saboda haka kada ka sa boltin sitenles ya ratsa jiƙaƙƙen katako.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a kasuwa. Akwai masu miƙo maka ƙarfe mai ƙyalli su ce galbanaiz ne, alhali tutiyar wanke masa fuska kawai aka yi da lantarki, wata ɗaya a teku ya yi ja. Na gaskiyar, tsoma shi ake yi a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, yana fitowa ruwan toka, ba sheƙi, da ɗan kaushi a hannu. A ɓangaren sitenles ma, da yawa nau'in 304, wanda bai kai 316 jure gishiri ba, suke sayarwa da sunan 316. Duba kan boltin: A4 shi ne 316, A2 shi ne 304. Wani zai manna maganaɗisu ya nuna maka bai kama ba, to duka biyun ba sa kamawa sosai, wannan bai raba su ba.

Ka sayi galbanaiz na tsomi: waya, shaddad, zobba da bolti, duk jinsi ɗaya. Kada ka haɗa zoben sitenles da wayar galbanaiz, cikin ruwan gishiri tutiyar ce za ta riga cinyewa a mahaɗar. Ragowar kuɗin ka sa a igiyar foliyesta mai kyau ta jan filafili, don shuɗiyar igiyar roba da ake ɗaurin kaya da ita, zafin ranar Bur Sudan rududduge ta yake yi.