Lensi 70-200 f/2.8 a daren buɗe Olamfik na Tokyo

Na yi hayar wannan lensin kyamara mai zuƙowa daga 70 zuwa 200 ne takanas saboda daren 23 ga Yuli 2021, lokacin ina zaune a Tokyo, kuma tunda an hana 'yan kallo shiga saboda korona, filin wasan da ke cin mutum 68,000 kusan wayam yake, mu ɗin duk a waje muka tsaya wajajen unguwar Sendagaya da ke kusa da filin muna leƙe.

Gaskiya wurin ɗauko abu daga nesa ba ni da abin cewa. Da aka saki jirage marasa matuƙa 1,824 suka haɗa siffar duniya a saman filin, na zuƙo har 200, hannu kawai ba ƙafar kyamara, hoton ya fito tas kana iya ƙirga fitilun ɗaya bayan ɗaya. Wasan wutan da ya tashi daga rufin filin ma haka, launin bai ƙone ba. f/2.8 ɗin nan, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga lensin, shi ne kuɗinka, yana shan haske da daddare yadda ba sai ka ɗaga ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) hoton ya cika da yashi ba, ga shi yana rage rawar hannu sosai.

To amma fa ni abin da ya fi ja na masu zanga-zanga ne, waɗanda suka taso daga Harajuku da kwalaye suna ihun a soke wasannin, gari na cikin dokar ta-ɓaci amma ana biki. Anan ne na gane kurena. Cikin cunkoso ko 70 ɗin, wato mafi ƙarancin zuƙowarsa, ya yi tsawo da yawa, wata dattijuwa na gabana da takunkumi ta ɗaga kwali, ina son in haɗa fuskarta da rubutun da layin 'yan sandan da ke bayanta, sai idonta da rabin kwali kawai nake samu, in ja baya kuma babu wuri, mutum na taka ni ina taka mutum. Sai da na koma gefen titi na hau dakali sannan na samu, kuma daga can wallahi ya ba ni fuskoki masu kyau, zufa a goshi, baya ya narke sumul.

Nauyi kuma kusan kilo ɗaya da rabi ne, bayan awa uku wuyana ya gaya min. Wani abu da ba laifinsa ba, na fito daga jirgin ƙasa mai sanyin AC na shiga zafin Yuli gilashin ya yi hazo, sai da na jira 'yan mintuna, da ma a jaka na bar shi ya yi ɗumi tukuna.

Zan sake hayarsa, amma da ƙaramin lensi 24-70 a kyamara ta biyu, don canza lensi a tsakiyar turereniya ba abin yi ba ne.