Kwas ɗin CS50 SQL da littafin bashin shagon kawuna

Shekara uku ke nan ina riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na kayan masarufi. Da farko a littafi mai kauri nake rubutawa, daga baya na kwashe komai zuwa Excel, na ɗauka aiki ya ƙare. Sai ran nan Kawu ya ce, "Ɗana, duba mini nawa muke bin Alhajin nan mai gidan burodi." Na buɗe kwamfuta na tarar da mutumin a wuri uku: nan an rubuta Alhaji, can an rubuta Alh., can kuma da laƙabinsa na kasuwa, ga lambar waya har biyu. Sai bayan isha'i na gama tarawa da hannu, kuma raina bai kwanta da jimillar ba. Abin da ya kai ni neman ilimin rumbun bayanai ke nan.

Kwas ɗin da na yi shi ne CS50 SQL na Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ke koyar da SQL, yaren kwamfuta da ake sarrafa rumbun bayanai da shi. Carter Zenke ne malamin, ya fito a 2023, kuma kyauta ne. Darussa bakwai ne, an lissafa su daga 0 zuwa 6, kowanne da bidiyonsa da aikin gida, sannan babban aiki a ƙarshe. Ni wata uku ya ɗauke ni, domin sai an rufe shago nake zama.

Darussa biyun farko na koyon yi wa rumbu tambaya ne. Ana amfani da jerin littattafan da suka shiga takarar kyautar Booker ta duniya, ka ce da SELECT a fito maka da kaza, da WHERE ka sa sharaɗi, da JOIN ka haɗa tebur biyu. Ba su ba ni wahala sosai ba. Duk wanda ya saba tace bayanai a Excel zai gane hanya da wuri.

Darasi mai lamba 2, na tsara rumbu, shi ne ya biya ni duk daren da na hana idona barci. Malamin ya ɗauki jirgin ƙasan birnin Boston ya fara da tebur guda da aka cusa wa komai: sunan fasinja, tashar da ya shiga, kuɗin da ya biya. Ina kallo na ga littafin Kawu sak. A hankali ya rarraba shi: fasinjoji teburinsu daban, tashoshi daban, tafiye-tafiye daban. Kowane fasinja ana ba shi lamba ɗaya tak wadda ba mai irinta, ita ce babban mabuɗi. A teburin tafiye-tafiye ba a sake rubuta sunansa, lambar nan kawai ake sawa. Idan ya sauya lambar waya, wuri ɗaya za ka gyara, ko'ina ya gyaru.

Nan na gane cewa matsalata ba ta rashin iya lissafi ba ce. Abu ɗaya nake rubutawa a wurare da yawa, kuma duk abin da aka rubuta sau uku, wata rana sai ukun sun saɓa wa juna. Dabarar ma ta girme ni nesa ba kusa ba, domin Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana ta tun 1970. Abin da ya burge ni shi ne malamin bai fara da ƙa'ida ba. Ya bari ka ga ɓarnar tukuna, sannan ya nuna maganin.

Akwai wasu abubuwa biyu da na ɗauka kai tsaye zuwa shago. Na farko daga darasi na 3 ne: maimakon ka goge bayani gaba ɗaya, sai ka yi masa alamar an cire, tarihinsa na nan. A harkar bashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mutum kan dawo bayan wata shida ya ce ai ya biya. Na biyu daga darasi na 5, inda aka yi misali da tura kuɗi tsakanin asusu biyu: ko dai cirewa da zubawa su auku tare, ko kuma kada ɗaya ya auku. Haka na tsara sayar da kaya, buhun sukari ba ya raguwa a sito sai cinikin ya shiga lissafi a lokaci guda.

Wanda zai fara ya san cewa da Turanci ake koyarwa, amma malamin ba ya sauri, kuma ana iya kunna rubutun maganarsa a ƙasan bidiyo. Wurin yin aikin gida a intanet yake, sai ka buɗe asusu a shafin GitHub, kuma akwai manhajar check50 da ke duba yawancin amsoshinka nan take. Da yake sabis na yawan ɗaukewa a unguwarmu, sai na riƙa sauke bidiyon da dare, na kuma sa SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, a kwamfutata. Rumbun gaba ɗaya fayil guda ne, yana aiki ba tare da data ba. Darasin ƙarshe, na manyan manhajojin rumbu MySQL da PostgreSQL, ya fi ƙarfin buƙatar shago irin namu, amma mai neman aiki a kamfani kada ya tsallake shi.

Babban aikina na ƙarshe rumbun shagon ne, tebur huɗu: abokan ciniki, kaya, ciniki, da biyan bashi. Mako biyu na yi ina tsefe tsoffin sunaye, ina tambayar Kawu wane ne wane. A makon jiya ya sake tambaya a kan Alhajin gidan burodi, kafin ya ajiye kofin shayinsa na karanto masa jimilla da ranar biyan ƙarshe. Yanzu ya ce in shigar da kayan sito na biyu kafin azumi.