Systemd a kan sabar injin casar shinkafa: abin da na gani

Injin casar da nake riƙe wa lissafi a Kura yana da ƙaramar sabar a ofis, wato kwamfutar da manhajojinmu ke gudana a kai, Ubuntu ce a kanta (wani nau'in tsarin Linux), da wutar sola take aiki. Manhajoji biyu take ɗauke da su: ɗaya tana rubuta buhunan shanshera da manoma ke kawowa daga Kadawa da Bunkure, ɗayar tana tura wa dillalai saƙon tes. In batir ya ƙare da asuba, rana na fitowa systemd, wato shirin da ke tayar da manhajoji idan na'ura ta kunnu, zai tayar da su ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ubuntu ta koma kansa tun 2015, kuma ta wannan fuskar ban da abin cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake raba saitunan muhalli, wato bayanan da ake miƙa wa manhaja lokacin da za ta tashi, irin su adireshin rumbun bayanai da TZ=Africa/Lagos da ke sa rasit ya fito da lokacin Najeriya. A Linux kowane saiti da iyakarsa. Wanda ka rubuta a fayil ɗin .bashrc na asusunka naka ne kai kaɗai, sai ka buɗe allon umarni yake aiki. Na fayil ɗin /etc/environment yana riskar duk wanda ya shiga da sunansa. Amma sabis, wato manhajar da ke tashi tare da na'ura, bai shiga ta ƙofar kowa ba, don haka ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Nan ne matasa da yawa ke rikicewa: manhaja ta yi aiki da hannu, a sake kunna na'ura ta ƙi tashi.

Kamar ruwan Tiga ne, na madatsar da ke shayar da gonakinmu: ya cika babbar hanyar ruwa, amma ba zai shiga gonarka ba sai ka buɗe masa bakinta. Bakin nan shi ne umarnin systemctl edit, mai buɗe maka wurin gyara saitin sabis. Ka rubuta Environment= (saitin kai tsaye) ko EnvironmentFile= (sunan fayil mai ɗauke da saituna) a ƙarƙashin [Service], ka sake tayar da sabis ɗin, shi ke nan. Gyaran yana zama a fayil na daban, override.conf, sabunta manhaja ba ya share shi. Kowace manhaja na ba ta fayil ɗinta, ta tes ba ta san kalmar sirrin rumbun lissafi ba. In sunan saiti ya zo a Environment= ya kuma zo a EnvironmentFile=, na cikin fayil ne ke rinjaye. Akwai DefaultEnvironment= da ke shafar dukkan sabis, ni dai ba na so, don yana rushe wannan rabon.

Inda ban gamsu ba: fayil ɗin saitunan ya yi kama da rubutun bash, wato harshen allon umarni, alhali ba shi ba ne. Ka rubuta sunan wani saiti kamar $PATH a ciki, ba za a maye gurbinsa da abin da yake ɗauke da shi ba kamar a bash, haka zai tafi a matsayin haruffa. Na biyu ya fi damuna, domin bashin mutane ne a cikin na'urar nan: duk abin da ka sa a Environment=, kowane mai asusu zai iya karanta shi da systemctl show. Kalmar sirri sai a fayil mai izinin 600, wato mai fayil ɗin kaɗai ke iya buɗe shi, ko a yi amfani da LoadCredential=, hanyar miƙa wa sabis bayanan sirri da ta shigo a sigar systemd ta 247.

Mai shagon taki ko kemis da ke da sabis biyu ko uku, wannan ya ishe shi, ba sai ya ɗora Docker, manhajar da ke ware kowane sabis a akwatinsa, a kan ƙaramar na'ura ba.