Madubin Hangen Nesa na Hannu: Wanne Ya Dace a Ba Masu Jagorar Kallon Tsuntsaye?

Ƙasashen da suka fi kowa arzikin tsuntsaye, irin su Kolombiya mai nau'i wajen 1,900 da Yuganda mai fiye da 1,000, suna da 'yan jagora waɗanda ke gane tsuntsu da kukansa tun kafin baƙon da suke rakiya ya ɗaga kai, amma da yawa daga cikinsu ba su mallaki madubin hangen nesa mai kyau ba, domin kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunsu. Wanda ya yi niyyar taimaka musu, ko da abin da ke ajiye a gidansa ko da na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, da zai saya, ya kamata ya tuna cewa kayan sana'a zai bayar, waɗanda za a rataya a wuya tun asuba har faɗuwar rana, cikin ruwan sama da ƙura da zufa.

Abu na farko shi ne lambobin da ke jikin madubin. Idan an ga 8x42, ana nufin yana kusanto da abu sau takwas, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 42 ne. In aka raba 42 da 8 za a sami 5.25, wato faɗin hasken da ke isa ido, alhali 10x42 yana ba da 4.2, ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5 kacal. A cikin kurmi, inda duhu ke sauka da wuri kuma tsuntsu ba ya daɗewa a reshe ɗaya, 8x42 ya fi dacewa saboda haskensa da faɗin abin da yake nunawa, ga shi ba ya bayyana rawar hannu sosai. Mai aiki a fili ko a bakin tafki zai ji daɗin 10x42, kuma 8x32 ba laifi ga mai doguwar tafiya a ƙasa saboda rashin nauyinsa. A ganina, idan ba a san inda madubin zai je ba, 8x42 ne zaɓin da ba a cika yin nadamarsa ba.

Sai batun ƙira, kuma a nan ne masu kyauta suka fi yin kuskure. Akwai tsohuwar ƙira mai faɗin kafaɗa da ake kira Porro, wadda ta samo suna daga Ignazio Porro ɗan ƙasar Italiya, akwai kuma mai miƙaƙƙun bututu biyu da ta fi yawa a yau. Porro mai araha yakan fi miƙaƙƙe mai araha kyawun gani, amma yawancin tsofaffin Porro ba a toshe su ba, don haka danshi yana shiga, gilashin ya yi raɓa daga ciki, daga baya funfuna ta tsiro a kansa kamar saƙar gizo-gizo, har ta cinye shafen da ke fuskar gilashin. Miƙaƙƙen da aka toshe aka cika da iskar naitirojin ko agon ba ya barin laima ta shiga, kuma ya fi jure bugu. Saboda haka matsakaicin madubi na kamfani irin Nikon ko Vortex wanda aka rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa ya fi amfani ga jagora a dajin damina a kan tsohon Zeiss mai suna wanda ba shi da wannan kariya, duk da cewa na biyun ya fi burge mai bayarwa. A guji masu lambar da ake ƙarawa da ragewa, irin 10-30x50, da masu gilashi ja mai ƙyalli, domin ganinsu ba shi da kaifi.

Kafin a biya kuɗin na hannu, a juya shi a haska tocila ta gilashin gaba don neman funfuna ko hazo. A murza abin daidaita gani daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. Gwaji mafi muhimmanci shi ne na daidaituwar idanun biyu: a kalli wani miƙaƙƙen layi, kamar wayar lantarki ko bakin rufin gida, sannan a ɗan janye madubin daga fuska, idan layin ya hau a ido ɗaya ya sauka a ɗayan, to madubin ya taɓa faɗuwa ya goce. Irin wannan yana sa ciwon kai cikin 'yan mintuna, gyaransa kuma sai ƙwararre da kayan aiki na musamman, abin da jagoran da ke ƙauye ba zai samu ba. Ƙaramin karce a gilashin gaba ba wani abin damuwa ba ne, amma wanda ya goce bai cancanci a tura wa kowa ba.

Babban madubi mai ido ɗaya, wanda ke kusanto da abu sau 20 zuwa 60, yana ɗaga darajar jagora ƙwarai, domin yana iya saita shi a kan tsuntsu baƙi su zo su duba ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ba ya aiki in babu mazauni mai ƙafa uku mai ƙarfi, kuma nauyinsu tare yana tsada wajen aikawa. Idan kuɗin da ke hannu zai sayi babba ɗaya ko masu ido biyu guda uku, kuma ƙungiyar jagorori ce za ta karɓa, na fi karkata ga ukun, sai fa in su da kansu suka ce babban suke bukata. Littafin gane tsuntsaye kuwa sai na yankin da jagoran yake, kuma cikin harshen da yake karantawa, domin littafin tsuntsayen Turai ba zai tsinana wa mai aiki a Peru komai ba. Kyamara kada a bayar da ita ba tare da batiri da caja da katin ajiya ba.

Hanyar isarwa ma zaɓi ce. Shirin Birders' Exchange na ƙungiyar American Birding Association ya shahara wajen tattara irin waɗannan kaya zuwa Latin Amurka da Karibiyan, kuma RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, ta yi shekaru tana gyara madubai na hannu tana aikawa ƙasashen waje. Amfanin bi ta ƙungiya shi ne an san masu bukata, an kuma duba kayan. A tuntuɓe su tukuna a ji abin da suke karɓa a halin yanzu. Aikawa ta gidan waya tana iya jawo harajin kwastam da zai faɗa kan wanda aka yi wa kyautar, kuma batiran litiyam suna da ƙa'idoji masu tsauri. Miƙawa hannu da hannu ta wurin matafiyi ta fi sauƙi, tare da takardar shaidar cewa kyauta ce, da jaka, da murafun gilashi, da igiyar ratayawa mai faɗi, da ƙyallen gogewa.