Maƙerin da ya gyara mini bindigar kakana: hannu akwai, baki ne babu

Sai da na bari Sallah ta wuce da mako biyu kafin in rubuta wannan, don da a ranar hawa na rubuta, da abin da zan faɗa a kan tsohon maƙerin nan ba zai karantu ba.

Bindigar toka ce ta gado, irin ta ƙanƙara, wato mai dutsen da ke kartar ƙarfe wuta ta tashi, ba mai hula ba, wadda ake ɗora wa 'yar hular ƙarfe mai kunna albarushi. A cikin 'yan bindigarmu mu biyu kaɗai muka rage da irinta, kowa ya koma mai hula saboda ba ta ba da wahala. Ni ma an sha ce mini in kai a juya ta, na ƙi. Tun bara ta fara yi mini wulaƙanci: ka ja kunama, ka ji ƙwas, shi ke nan. Cikin ja biyar da ƙyar biyu su tashi. Na sauya ƙanƙara har sau uku, na shanya albarushi a rana, na soke ɗan ramin wuta, wanda ke kai wuta cikin bututu, da tsinke har na gaji. A banza.

Maƙerin kuwa duk wanda ke wannan harka a yankinmu ya san shi, ba sai na kwatanta ba. Da na miƙa masa ko bakin bindigar bai leƙa ba. Ya tabbatar babu ɗuri, ya shige da ita lungun maƙera inda babu haske, ya ɗana, ya ja. Tartsatsi biyu suka fito, jajaye, suka mutu tun kafin su faɗa cikin ɗan kaskon da ake zuba albarushin kunnawa. Sai ya ɗauki magagari ya goga a fuskar ƙarfen da ƙanƙara ke karta, magagarin ya ci shi kamar sabulu.

"Ɗana, ka bar zargin dutse," in ji shi. "Ƙarfen ne ya mutu."

Abin da ya nuna mini ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Tartsatsin nan ashe ba daga dutsen yake fita ba, ɓarɓashin ƙarfe ne da ƙanƙara ke kankarowa, zafin kartar ya kunna shi. Taurin ƙarfen kuma a fata-fata yake, a sama kawai. Shekara da shekaru ana karta, taurin ya cinye, an iso ga ƙarfe mai laushi, dutse sai ya nutse a ciki maimakon ya fitar da wuta. Ya cire shi, ya rufe cikin gwangwani da garin ƙaho da ƙonanniyar fata, ya sa a wuta, sannan ya tsoma a ruwa. Da na koma karɓa, a lungun nan dai, ja ɗaya sai ga farin tartsatsi ya zubo yana tsalle cikin kaskon yana ƙara. Wallahi sai da na yi kabbara. Ya kuma sake naɗa wa ƙanƙarar sabuwar fata ya ɗaure tam, don da tana ɗan motsi a maƙalinta ban lura ba. Har ya ciro wata tsohuwar baƙar ƙanƙara daga jakarsa ya ba ni kyauta, irin waɗanda a da ake fasawa a garin Brandon na Ingila ana kawowa ƙasashen nan. Kuɗin aiki bai tsawwala ba. Na baro wurin ina sa masa albarka, na tallata shi ga duk wanda na haɗu da shi.

To, ranar hawa.

Kun san Babbar Sallar ta faɗo a farkon damina, an kwana ana yayyafi. Na yi duk abin da ya kamata: na goge kasko da busasshen tsumma, na ɗura albarushi da tsumma kawai kamar yadda muke yi a hawa, na toshe ramin wuta da gashin kaza sai da lokaci ya yi. Muka jeru. Aka ba da alama, bindigogi suka tashi gaba ɗaya, tawa ta ce fuu. Kaskon ya kama, hayaƙi ya turnuƙe mini fuska, cikin bindiga shiru. Yaran da ke gefe har sun fara dariya. Allah Ya taimake ni ban sauke bakinta ba, don tun muna yara aka hore mu cewa in ta yi haka a bar ta tana kallon sama a jira. Numfashi ɗaya, biyu, sai ta tashi ita kaɗai, bayan kowa ya yi shiru, da wata irin ƙara mai kama da tari. Dokin wani bawan Allah ya zabura, da ƙyar ya riƙe linzami. Da na biye wa kunya na sauke ta don in duba, da yanzu wani labarin ake yi. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Da yamma na wanke ta, sai ga baƙin kwaɓi yana fitowa daga can gindin bututun, mai warin man juye. Ashe tsohon ya ɗura mata mai ne don maganin tsatsa, ya jingine ta a tsaye, man ya gangara ya kwanta daidai inda ramin wuta yake. Albarushin da ya fara sauka ya jiƙe da shi. Ni kuma ban zura tsumma na tsane ciki ba kafin ɗuri, wannan laifina ne, ban musa ba. Amma wa zai zaci bindigar da ta fito daga hannun gwani tana buƙatar wanki? Kalma ɗaya ta ishe shi: na sa mai, ka goge.

Washegari na je. Na ce, "Baba, ka kusa sa ni kashe mutum." Ko ɗagowa bai yi daga kan maƙera ba. Wai duk mai bindigar ƙanƙara ya san ana tsane ta kafin a ɗura, kakana da ya san ta ba sai an gaya masa ba. Maganar ta yi mini zafi, ta fi zafi ma da yake akwai gaskiya a cikinta.

Tun da an zo nan, bari in faɗi sauran da na haɗiye a baya. Kwana huɗu ya ce, sai da na yi sawu uku cikin mako uku. Zoben tagullar da ke riƙe bututu da ƙota, wanda kakana ya sa da hannunsa, ya cire ya maye da na baƙin ƙarfe, wai ya tsage, kuma har yau bai nemo mini tsohon ba. Ramin wutar ma ina zargin ya ɗan buɗa shi ba da izinina ba, don yanzu wuta na feshi ta gefe fiye da da, sai da na gargaɗi wanda ke tsayawa a damana ya riƙa ja baya.

Amma kuma tun da na tsane ta na gwada ta sau goma sha biyu a bayan gari, sau ɗaya kawai ta ƙi, shi ma ni na cika kaskon har garin ya rufe ramin. Da na rage, na bar shi ƙasa da bakin ramin, ko ƙiftawar ido ba ta jira. Abokina mai ɗaya bindigar ƙanƙarar ya tambaye ni ko ya kai tasa. Na ce ya kai, ya cire duk abin da yake so a jikinta tukuna, kuma in zai karɓa ya zauna ya tambayi tsohon abin da ya taɓa ɗaya bayan ɗaya. Zobena kuwa ranar kasuwa zan sake komawa.