Mun kai ƙanena sashen ƙwaƙwalwa: likitan ya yi, layin EEG kuwa sai haƙuri

Duk wanda ɗan'uwansa ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga karo na farko, shawarata ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kafin ya karɓi sunan da 'yan unguwa za su raɗa wa ciwon. Mu wani babban asibiti a nan Kano muka kai ƙanena, kuma mun ga mai daɗi da marar daɗi.

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a gidan bulo yake aiki. A bakin aiki ya zube, jikinsa ya sandare, ya yi ta karkarwa har ya tauna gefen harshensa. Kafin magariba an gama yanke hukunci a gida. Wasu suka ce farfaɗiya ce, gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya.

Likitan bai yi gaggawar ɗaukar biro ba. Tambayoyi ya dinga jero mana. Ya ci abinci ranar? Ya ga duhu-duhu da gumi kafin ya faɗi, ko haka kawai ya zube? Idonsa a buɗe yake ko a rufe? Da ya farfaɗo, ya gane mutane nan take? Wani abokin aikinsa ya ɗauki abin a waya, likita ya kalla a tsanake, ya ce wannan bidiyon ya fi masa labarin da kowa ke bayarwa cikin ruɗu. Ya ce suman da zafin rana ko ƙishirwa ke kawowa ma yakan zo da ɗan fizge-fizge, amma mutum na dawowa hayyacinsa da wuri. Namu ya daɗe bai san inda yake ba, ga cizon gefen harshe, don haka jijjiga ce ta gaske daga ƙwaƙwalwa.

Sai dai jijjiga ɗaya ba ta mayar da mutum mai farfaɗiya. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2014 ita ce a samu jijjiga biyu da babu abin da ya tayar da su, tsakaninsu fiye da awa 24, ko guda ɗaya amma gwaji ya nuna haɗarin dawowarta ya kai kashi 60 cikin 100. Abubuwan da ke tayar da ita kuwa suna da yawa a wurinmu: faɗuwar sukari, ƙarancin gishiri a jini, zazzabin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwa a ka, hawan jinin mai juna biyu, zazzabi mai zafi ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan mutum ɗaya cikin goma na iya yin jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa, alhali masu farfaɗiya a duniya kimanin miliyan 50 ne.

Inda likitan ya gama saye ni shi ne da ya dube mu ya ce, "Malam, kai da Hajiya ku ɗan ba mu wuri." Da muka dawo, ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, tramol nake sha saboda nauyin aiki. Ranar na ƙara yawanta." A gaban mahaifiyarmu da tuni ya rantse bai san ƙwayar ba. Tramadol, wato tramol, na cikin ƙwayoyin da ke jawo jijjiga ko ga mai lafiya, musamman idan aka zarce ƙima. Likitan bai yi masa faɗa ba, kuma bai bari mu yi ba.

An auna sukari da gishirin jini, an duba maleriya, an yi ECG don kada matsalar ta zama ta zuciya ce. Duk lafiya.

Ɓangaren EEG, gwajin da ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, shi ne ya ɓata min rai. Ranar da aka ba mu ta yi nisa, kuma babu wanda ya gaya mana a wanke kai kada a shafa mai, sai da muka je aka mayar da mu. Takarda guda a manne a bango da ta isa. Gwajin kansa ba ciwo: wayoyi aka manna masa a fatar kai, aka sa shi numfashi da ƙarfi na 'yan mintuna, aka haska masa fitila mai walƙiya, cikin kamar rabin awa an gama. Sakamakon ma sai da muka yi sintiri. Ya fito babu komai, amma likita ya ja mana kunne cewa masu farfaɗiya da dama EEG ɗinsu na farko haka yake fitowa.

Ba a ɗora shi kan maganin farfaɗiya ba. An tura shi wurin masu taimaka wa barin ƙwaya a hankali, an hana shi tuƙa babur, hawa gini da leƙa rijiya zuwa wani lokaci. An kuma koya mana, idan jijjigar ta dawo, kwantar da shi ta gefe, ba cusa cokali a baki, a garzaya asibiti idan ta wuce minti biyar. Idan ya sake faɗuwa alhali ya rabu da tramol, likita ya ce magana za ta canza, sai hoton ƙwaƙwalwa na MRI da fara magani.