Mota ba safaya: ranfilat, ƙaramar taya ko kwalbar gam?

Kafin ka biya kuɗin mota 'yar Kwatano ko wadda aka sauke daga Amurka, ka buɗe but ka ɗaga kafet. A motoci da yawa na shekarun nan ba za ka tarar da safaya ba, ba jak, ba sifanar taya. Wani lokaci ma ramin da ake kwantar da safayar babu shi, batir ne a wurin ko soso. Ba dillali ne ya cire ba, haka kamfani ya fitar da ita. Ƙungiyar direbobi ta AAA a Amurka ta ƙirga cewa kashi 28 cikin 100 na motocin 2017 ba sa zuwa da safaya. Kamfanonin sun yi haka don rage nauyi da shan mai, kuma sun gina lissafinsu a kan ƙasashen da idan taya ta fashe, waya ɗaya za ka buga wa AAA ko ADAC ta Jamus motar janwe ta iso. Tsakanin Zariya da Kano da ƙarfe tara na dare wannan lissafin bai aiki.

Ranfilat, wato taya mai tafiya ba iska, ita ce abin da wasu daga cikin irin waɗannan motoci suka dogara da shi. An ƙara wa gefenta roba mai kauri, ta yadda ko iska ta fita gefen zai ɗauki nauyin motar na ɗan lokaci. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kilomita 80, a gudun da bai wuce 80 ba. Idan mota ta cika da mutane da kaya, ko kwalta ta ɗau zafi, ka rage daga wannan adadin, domin zafi ne ke cinye gefen daga ciki. BMW da Mini ne suka fi yaɗa ta, sai wasu Marsandi da Lexus. Kowane kamfanin taya da alamarsa a jikin gefen: Bridgestone RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Dunlop DSST ko ROF, Goodyear EMT ko ROF, Hankook HRS. Ta BMW tana ɗauke da RSC a cikin da'ira, ta Marsandi kuwa MOE. Ka tsuguna ka duba tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, kada ka duba guda ka ce sauran ma haka suke.

A nan ne masu saye suka fi shan ƙasa. Ranfilat ta fi taya ta gama-gari tsada, don haka mai motar na farko ko dillali yakan maye gurbinta da ta gama-gari idan ta cinye, ba tare da ya ƙara safaya ba. Sai ka sayi mota wadda ba ta da ranfilat, ba ta da safaya, ba ta da jak, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ƙusa ta same ka. Masu Sienna su lura musamman: wadda ke ja da tayoyin gaba kawai tana da safaya a rataye ƙarƙashin mota ta ɓangaren dama, amma mai ja da tayoyi huɗu, daga 2004 zuwa 2020, ranfilat aka sa mata saboda shaftin baya ya cinye wurin. Haka kuma Honda Odyssey Touring ta wajen 2005 zuwa 2009 da ta zo da tsarin Michelin PAX: rim ɗinta na daban ne, sai da inji na musamman ake cire tayar, kuma Michelin ta daɗe da daina tsarin. Idan ka ci karo da ita, ka sa kuɗin canja rim huɗu da tayoyinsu cikin ciniki.

Amfanin ranfilat na gaske ne, kuma ga mu ya fi ƙarfi ta fuskar tsaro. Idan iska ta fice farat ɗaya kana kan gudu, mota ba ta zubewa a kan rim, sitiyari ba ya fizgar hannu sosai. Kuma ba sai ka tsaya a dokar daji ba. Kana iya lallaɓawa har gari na gaba ko shingen jami'an tsaro. Duk wanda ya san dalilin da ya sa ba a son tsayawa a wasu wurare kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san darajar wannan.

Matsalar tana farawa ne bayan ka isa garin. Mai faci na bakin hanya da ƙarafunansa na banƙara ba zai iya cire ta cikin sauƙi ba saboda taurin gefen, kuma a ƙoƙarin hakan ne ake kankare rim ko a karya na'urar auna iska da ke manne da bawul daga ciki. Sai shago mai injin cire taya. Ko an cire, tayar da ta yi tafiya ba iska ta riga ta ƙone daga ciki ko da waje ya yi kyau. In ka ga garin roba baƙi ko tattarewa a bangon ciki, ta gama aiki. Kamfanoni irin su Pirelli da Continental ma ba su yarda a yi wa ranfilat ɗinsu faci ba. Ke nan sabuwa kake nema, mai lamba ɗaya da taka, kuma wannan kayan Apo ne a Abuja ko manyan shagunan Kano da Kaduna, ba na ƙaramin gari ba. Kano zuwa Kaduna ya haura kilomita 200, kilomita 80 ba ta kai ko rabi ba. Sannan taurin gefen nan yana miƙa dukan rami kai tsaye ga rim da shakazoba, shi ya sa tsagewar rim da kumburin gefe suka yi yawa a BMW masu rim 18 da 19 a kan titunanmu. Idan rami ya yaga gefen ko ya fasa rim, alkawarin kilomita 80 ya tashi.

Ranfilat ba ta da amfani in na'urar auna iska ta mutu, domin ido ba ya gane ta sace. Kana iya yin gudu 120 a kan taya marar iska ba ka sani ba, har ta tarwatse. Ka kunna motar ka kalli dashbod: alamar nan mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai (!) a tsakiya ta kamata ta kama ta mutu. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, tsarin ne ya lalace. Batirin da ke cikin na'urorin yakan yi shekara 5 zuwa 10, ba a canja shi shi kaɗai, sai na'urar duka.

Kwalbar gam da ɗan famfon da ake jonawa a soket ita ce mafi rauni a zaɓin. Tana toshe hujin ƙusa a tsakiyar zanen taya, wanda bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, shi ke nan. Ba ta yin komai ga yagewar gefe ko fashewa. Gam ɗin yana da ranar lalacewa a jikin kwalba, kuma a motar da ta shekara goma da wuya ka same shi da rai. Famfon dai ka riƙe shi, yana da amfani ko wane zaɓi ka yi.

Ƙaramar safaya, siririyar nan da lambarta ke farawa da T kamar T125/70, ta fi gam nesa ba kusa ba, don ba ruwanta da irin raunin da taya ta ji. Geji 60 take so, ba 32 ko 35 ba, kuma mai faci zai ba ta na sauran in ba ka faɗa masa ba. Ita ma gudunta 80 ne, kuma ba a yi ta don dogon zango ba. Idan tayar gaba ce ta fashe a mota mai ja da gaba, ya fi kyau ka ɗaura siririyar a baya, ka dawo da lafiyayyar ta baya gaba.

Ga mai yawan tafiya tsakanin jihohi, cikakkiyar safaya ce ta fi, ko da za ta cinye rabin but. Amma ba kowane rim mai huji biyar ne zai shiga ba. Tazarar hujin Toyota irin su Camry da Sienna 5x114.3 ce, ta Marsandi 5x112, ta tsofaffin BMW 5x120, sababbinsu kuma sun koma 5x112. Ko hujin ya dace, rim ƙarami na iya gogar kan birki. Don haka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kada ka biya sai an ɗaura shi gaba da baya an juya ka gani. Tsayin tayar ma ya zama daidai da na sauran, musamman a mota mai ja da huɗu, domin bambancin tsayi yana cin giyar rabon ƙarfi. BMW da Marsandi da kusoshi ake ɗaure tayarsu ba noti ba, kuma rim ɗin ƙarfe kan buƙaci kusoshi masu tsawo daban da na rim ɗin alminiyam. Ka haɗa da jak da ya dace da mazaunin jak na motar, sifana mai dogon hannu, ɗan katako don ƙasa mai yashi, da makullin kusar sirri in akwai ta. Ka ɗaure safayar da bel; taya mai kilo 20 da ke yawo a bayan jif haɗari ce ranar da aka taka birki da ƙarfi. Kuma a Najeriya jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna tambayar safaya a hanya, abin da ya sa mutane da yawa masu ranfilat ke ajiye ɗaya don kauce wa doguwar muhawara.

Idan ka yanke shawarar barin ranfilat ka koma ta gama-gari, ka canja huɗun tare, da lambar nauyi da ta gudu da ba su gaza na asali ba. Kada ka haɗa iri biyu a gaba ko a baya. Motar za ta yi laushi a rami, kuɗin taya zai ragu, kowane mai faci zai iya taimakonka. Sharaɗin kawai shi ne a ranar ka sayi safaya da jak. Wanda kuwa zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin Abuja ko Kano ba, musamman mai dawowa gida da dare shi kaɗai, ya zauna a kan ranfilat ɗinsa. Mai hali ya haɗa ranfilat da safaya. Ko wacce za ka saya, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin gefen taya: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Ranfilat ta hannu ita ce mafi haɗarin saye, don ba ka san ko ta taɓa tafiya ba iska ba.

Game da agajin hanya, ka san abin da ka biya. Inshorar ɓangare na uku, wadda ta koma naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta janye motarka. A cikakkiyar inshora ka nemi a nuna maka a rubuce: akwai janwe, nawa ne iyakar kuɗinsa, yana aiki a wajen gari da cikin dare, kuma fashewar taya kaɗai ba tare da haɗari ba tana ciki? Sau da yawa ba ta ciki. Ka adana 122 ta FRSC da 112 ta gaggawa, da lambar mai janwe a kowane babban gari da kake ratsawa. Idan motarka otomatik ce ko mai ja da huɗu, ka ce masa mai shimfiɗa kake so, wadda ke ɗaukar mota gaba ɗaya, domin jan ta da igiya mai nisa yana ƙona giya. Ka kuma tabbata ƙugiyar ja mai zare tana cikin kayan but, don in babu ita a jikin ƙafar mota za su ɗaura sarƙa.